Hannun jarin kamfanin mai ya faɗi: araha ce ko tarko?

Tambaya: Na tara 'yan kuɗi ina son na juya su. Wani abokina ya ce lokacin da hannun jarin kamfanonin mai da iskar gas ya faɗi shi ne lokacin saye. Yaya zan gane wanda darajarsa ta fi farashinsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abokinka ya faɗi rabin gaskiya, sauran rabin kuma shi ne ke cinye wa mutane dukiya. Faɗuwar farashi kaɗai ba ta nuna an samu garaɓasa. Abin tambaya shi ne: idan gangar ɗanyen mai ta yi shekara biyu a ƙasa, wannan kamfani zai kai labari?

Duba abin da ya faru a 2020. A watan Afrilu, lokacin kullen korona, farashin man Amurka na WTI ya sauka ƙasa da sifili na yini guda, domin an rasa wurin ajiya. ExxonMobil, babban kamfanin mai na Amurka, ya yi asarar fiye da dala biliyan 22 a shekarar, hannun jarinsa ya sauko kusan dala 30. Amma bai daina rabon riba ba. A 2022 ya ci ribar fiye da dala biliyan 55, hannun jarin ya haura dala 100. Wanda ya saya a 2020 ya yi irin cinikin mai sayen hatsi da kaka, ya ajiye har damina. To amma a 2020 ɗin nan ne Chesapeake Energy, wani kamfanin mai da iskar gas na Amurka wanda shi ma ya yi araha a ido, ya durƙushe ƙarƙashin bashi, masu hannun jari suka tashi a tutar babu.

Labarin Afren ya fi kusa da mu. Kamfani ne da ke kasuwar Landan, yana haƙo mai a tekun Najeriya. Ganga ta fara rugujewa daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014, ga bashi ya yi masa katutu, ga badaƙalar kuɗi a tsakanin shugabanninsa. A 2015 ya rushe. Duk wanda ya riƙa saye yana cewa ai ya yi araha, bai tsira da ko kwabo ba.

Saboda haka ni bashi nake fara dubawa kafin riba. Buɗe rahoton shekara na kamfanin, ka nemi nawa ake binsa, yaushe zai biya, da kuɗin ruwan da yake zubawa. Sannan nawa yake kashewa wajen fito da ganga guda, kuma shekara nawa man da ke rijiyoyinsa zai kai. Akwai wani tarko da ke kama har da gwanaye: idan ka auna farashi da ribar shekarar da mai ya yi tsada, kowane kamfani zai yi kamar kyauta. Auna da ribar shekara biyar ko fiye, har da shekarun wahala.

A kasuwar hannun jari ta Legas, kada ka haɗa kamfanonin mai a kwando ɗaya. Seplat da Aradel masu haƙo mai ne, cinikinsu na bin farashin duniya da dala, amma suna fama da fasa bututu da satar mai. Conoil da TotalEnergies Marketing kuwa dillancin tataccen mai suke yi a gidajen mai, ribar lita ƙanƙanuwa ce, kuma cire tallafi a 2023 da shigowar matatar Dangote sun sauya musu lissafi.

Idan halaccin kuɗin ya dame ka, kuma ya kamata, yawan bashin ruwa na daga abin da masana Shari'a ke tacewa da shi, jerin NGX Lotus Islamic Index, na kamfanonin kasuwar Legas da suka dace da Shari'a, zai taimaka maka. Ka bi ta hannun dillalin da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta yi wa rajista, ka tabbatar an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka. Kada ka zuba kuɗin haya ko na makarantar yara, kuma ka raba sayen kashi-kashi cikin watanni.