Hukuncin doguwar tafiya a kan babur zuwa Agadas bayan ritaya

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mutumin Kano ne, shekaruna 61, na yi ritaya bara bayan shekara 35 ina aikin gwamnati. Tun ina yaro nake jin labarin kakana, wanda falke ne da ke bin ayari zuwa ƙasar Azbin, kuma na daɗe ina burin ganin wannan hanya da idona. Na cire wani abu daga kuɗin sallamata na sayi babban babur, ina shirin idan sanyi ya shigo in tashi daga Kano ta Daura in shiga Damagaram, in wuce Tanut har Agadas, in da hali in leƙa Ingal da duwatsun Azbin. Zan yi kamar wata guda, ni kaɗai, inda dare ya yi mini nan zan kwana. Lafiyata ƙalau, sai dai maganin sukari da nake sha safe da yamma. Wani malami a unguwarmu ya ce wannan tafiyar wasa ce, don haka ba ni da ikon yin ƙasaru ko haɗa salla, ya kuma ce ba a ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku. Shin tafiyar ta halatta? Kuma yaya zan yi da salla a hanya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa ritayar ta zama hutu mai albarka, ya jiƙan kakanka. Asalin tafiyar halal ne, kuma kana da rangwamen da shari'a ta bai wa matafiyi. Amma a yadda ka tsara ta, ban ga halaccin ka wuce Tanut ba, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka, a inda ka ce "ni kaɗai", sannan ka ambaci maganin sukari kamar wani ƙaramin abu. Bari in fara warware maka maganar malamin unguwarku, domin na lura ita ta fi damunka.

Malamin bai ƙago maganarsa ba, tana da tushe a mazhabarmu ta Malikiyya. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya ce ƙasaru sunna ce ga matafiyin da ba mai saɓo da tafiyarsa ba ne, ba kuma mai wasa da ita ba. Inda aka samu kuskure shi ne wajen ɗora kalmar wasa a kanka. Misalin da masu sharhi suka saba bayarwa shi ne mai fita farauta don shagala kawai, wanda ba nama yake buƙata ba, ba kuma sana'arsa ba ce. Ko shi ma ɗin, hukuncin da suka yanke masa shi ne karhanci, idan ya yi ƙasarun sallarsa ta yi, ba zai sake ba. To ta yaya abin da iyakarsa makaruhi ga ɗan wasa na gaske zai koma haramun ga dattijon da yake son ya bi sawun kakansa? Hanafawa ba su ma duban dalilin tafiya, tsawonta kawai suke dubawa, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa kowace tafiya ta halal tana ɗauke da rangwame, ko ta fatauci ce ko ta ziyara ko ta shan iska.

Ban da haka, tafiyarka tana da manufa wadda shari'a ta yaba. Allah ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, a wurare da dama cikin Alkur'ani. Hanyar da kake son bi ita ce wadda gishirin Balma da dabino suke gangarowa ta kanta zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ita ce kuma ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taka lokacin da ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar zuwa Agadas. Wanda ya tsaya a gindin hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ginin ƙasa tun ƙarni na 16 da aka sabunta a 1844, ya tuna waɗanda suka gina ta da waɗanda suka yi salla a ƙarƙashinta duk sun koma ga Ubangijinsu, wannan ya sami wa'azin da ba lalle ya same shi a zaune a ƙofar gida ba. Ibn Battuta alƙali ne a mazhabar Malikiyya, ya ratsa wannan yanki ta Takadda a 1353, kuma yawancin yawonsa na ganin ƙasashe da mutane ne. Ina jin abin da ya sa malamin ya ga wasa a cikin lamarinka shi ne babur, domin mun saba ganinsa a hannun matasa da 'yan acaɓa. Abin hawa kuwa ba ya canza hukuncin tafiya. Raƙumin kakanka da babur ɗinka matsayinsu ɗaya a wannan babi. Shi kuma hadisin ɗaura sirdi, magana yake a kan nufin wani masallaci don neman falalar salla a cikinsa. Da ya hana kowace tafiya, da fatauci da neman ilimi da sada zumunci duk sun haramta, kuma babu wanda ya faɗi haka. Ka yi salla a masallacin Agadas kamar yadda za ka yi a kowane masallaci, ba tare da ƙudurta masa wani lada na musamman ba. Kada kuma wannan ya sa ka raina malamin, ko ka ɗauki amsar nan ka je ka yi masa gori da ita.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mahayi ɗaya shaiɗan ne, mahaya biyu shaiɗanu biyu ne, uku su ne ayari, kuma Imamu Malik ya ruwaito shi a Muwaɗɗa. A Bukhari ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da babu mahayin da zai yi tafiyar dare shi kaɗai. Malamai sun ce hikimar ita ce wanda yake shi kaɗai ba shi da mai taimakonsa idan ya faɗi, ba shi da mai karɓar wasiyyarsa, ba shi da mai yi masa sutura idan ajali ya zo. Shi ya sa suka sassauta a hanyar da jama'a ke kai da komo a kanta, kamar tsakanin Kano da Damagaram, inda ba za ka yi nisa ba tare da ka ga ƙauye ko mota ba. Daga Damagaram zuwa Agadas kuwa wajen kilomita 450 ne, kuma da zarar ka bar ƙasar Damargu, inda Tanut take, garuruwa sun yi nisa da juna, sabis na waya yana ɗaukewa, mai faci da mai sayar da fetur ba a ko'ina ake samunsu ba. Na taɓa bin hanyar a mota, taya ta fashe mana gaba da Tanut, muka zauna a ƙarƙashin wata 'yar ƙaya muna raba ruwan jarka ɗaya mu shida har rana ta karkata, kafin wata babbar mota ta tsaya mana. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, garin da ke arewa da Agadas, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, alhali suna da yawa kuma suna tare da direbobin da suka san hanya.

Kai kuma ga sukari. Mai shan maganin sukari, idan ya jinkirta abinci ga zafi ga gajiya, sukarinsa yana iya faɗuwa farat ɗaya: gumi ya karyo, hannu ya kama rawa, ido ya yi duhu. A gida uwargida za ta sa maka dabino a baki ka farfaɗo. A kan babur mai gudu, a dajin da babu kowa, wa zai yi maka wannan? Idan zaton cutuwa ya yi rinjaye, kaɗaicin ya tashi daga makaruhi ya koma haramun, domin Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ga kuma batun tsaro, wanda ba sai na tsawaita ba. A farkon 2025 an sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa, kuma a yankuna irin su Diffa da Tilaberi hukumomi sun taɓa hana hawan babur gaba ɗaya saboda shi 'yan bindiga suke amfani da shi. Baƙo shi kaɗai a kan babban babur abin kwaɗayi ne ga ɓarawo, abin zargi ne kuma ga jami'an tsaro. Idan hukuma ta hana bin wata hanya ko ta ce sai da rakiya, yi mata biyayya wajibi ne, kuma ba ya halatta ka zagaye shinge ta daji ko ka ba da cin hanci don a bar ka ka wuce.

Saboda haka sharaɗin halaccin shi ne ku zama aƙalla uku, a cikinku da wanda ya san gyaran babur da wanda ya san ƙasar, ku naɗa ɗaya ya zama madugu kamar yadda sunna ta koyar, ku yi tafiyar rana kawai, kuma likitanka ya amince. Shiga duwatsun Azbin kuwa sai da ɗan jagora na gari da izinin hukuma. Idan abokan tafiya ba su samu ba, ka hau babur ɗinka zuwa Damagaram, ka ajiye shi, ka ƙarasa Agadas a motar haya cikin jama'a, burinka ya cika. Hular kwano kuma dole ce. Ka cire ta kawai lokacin salla don goshinka ya taɓa ƙasa.

Game da salla, akwai wata kalma a wasiƙarka da ke buƙatar gyara, wato "inda dare ya yi mini nan zan kwana". Mai yawo ba tare da ya nufi wani wuri sananne ba, ba ya ƙasaru a mazhabarmu, sai in ya san zai share tsawon tafiyar ƙasaru, wato mil 48, kimanin kilomita 80. Tunda ka nufi Agadas tun daga gida, kai matafiyi ne daga lokacin da ka bar gine-ginen Kano. Amma idan ka sauka a wani gari da niyyar kwana huɗu cikakku, sai ka cika salla, kuma 'yan zagayen da za ka riƙa yi a kewayen garin ba sa mayar da kai matafiyi sai ka ƙudurta wata tafiyar mai wannan tsawon. Haɗa azahar da la'asar, ko magariba da isha, ya halatta idan tafiya ta buƙata. Farilla a ƙasa ake yinta, ba a kan babur ba. Juma'a ba ta wajaba a kanka. Idan ruwan da ke hannunka na sha ne, ka yi taimama ba tare da ɗar-ɗar ba. Takalmin hawa in na fata ne, ɗinkakke, ya rufe idon sawu, kuma ka sa shi da cikakkiyar alwala, kana iya shafa a kansa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan bar shi ba. Ba ka faɗa mini ko ka sauke farali ba. Idan ba ka yi Hajji ba, kuma abin da ke hannunka zai isa kujera, to Hajji ne a gaba, ko da sai ka sayar da babur ɗin. Kuɗin sallama sau ɗaya ake biyansa, fansho kuma ka san yadda yake jinkiri, don haka ka tabbata ka bar wa iyali abin da zai riƙe su har ka dawo, ka biya bashin da ke kanka, ka rubuta wasiyyarka da shaidu. Ka zauna da uwargida ka yi mata bayani da kyau. Shari'a ba ta ɗora maka neman izininta ba, amma matar da ta yi haƙuri da kai shekara 35 kana fita aiki tun safe tana da haƙƙi a cikin wannan hutun, kuma idan hankalinta bai kwanta ba, rage kwanakin ya fi. Ka bar wa babban ɗanka jerin garuruwan da za ku kwana da ranakun da kuke sa ran isa, ka kira gida duk inda ka sami sabis. Idan ka isa Agadas lafiya, ka yi wa kakanka addu'a da sadaka, mu ma ka sa mu a ciki.

Allah ne mafi sani.