Ɗaliban noma sun yi bore a Faransa, in daina taki da feshi?

Wani manomin masara da wake daga yankin Funtuwa ya aiko da tambaya. Ɗansa ya nuna masa bidiyon ɗaliban noma a Faransa suna sukar kamfanonin taki da maganin feshi. Tunda masu karatun abin sun ƙi shi, in ji shi, ko shi ma ya bari?

Malam, abin ya faru. A 2022, ranar bikin yaye ɗalibai na makarantar AgroParisTech, ɗalibai takwas suka hau dandamali suka ce ba za su yi wa manyan kamfanonin noma aiki ba, domin a ganinsu suna lalata ƙasa da ruwa. Suna da hujja. A yankin Bretagne na Faransa, rarar taki da kashin dabbobin kiwo na gangarawa teku, har gansakuka ta mamaye gaɓa.

Sai dai su taki ne ya yi musu yawa, mu kuwa bai ishe mu ba. Taron ƙasashen Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006 ya sa burin zuba taki kilo 50 a kowace hekta, kuma har yau akasarin ƙasashen Afirka ba su kai ba. Don haka kada ka hana masararka taki. Kai takin gida kafin ruwa ya sauka, ka sa NPK kamar sati biyu bayan shuka, yuriya kuma a sati na biyar zuwa shida. Ka tona ka binne shi lokacin da ƙasa ke da danshi, wanda aka watsa a sama iska da ruwa ne ke cinye shi.

Batun feshi ne nake so ka saurare su da kyau. Tarayyar Turai ta hana maganin kashe ciyawa na paraquat tun 2007, amma aka ci gaba da sayar mana da shi shekaru da yawa. A 2015 kuma ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda gubar dichlorvos da ake zuba masa don ƙwari. Wannan waken ne iyalanmu ke ci, abin yana damuna ƙwarai. Shanya naka ya bushe ƙarau, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ba ya bukatar ko ɗigon magani.

In feshi ya zama dole a gona, ka yi da sassafe ko da yamma, ka rufe hanci da jiki, kada ka bai wa yaro famfo, kuma kada jarkar magani ta koma ta ruwan sha.