An ce kuɗi sun ƙare, an ce an soke doka: ina malami zai kai kukan ɗalibansa da aka kai bara Aljeriya?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar firamare ne a wani ƙauye na yankin Kance. Tun bayan girbi yara biyar daga ajina suka daina zuwa, babbarsu ba ta wuce shekara 11 ba. Da na bi sawu sai aka gaya mini wata mata ce ta karɓe su daga hannun iyayensu za ta kai su bara Aljeriya, da alkawarin za ta riƙa aiko da kuɗi. Na je wani ofis a Damagaram inda a da ake karɓar irin wannan ƙorafi, aka ce mini furojen ya ƙare, ma'aikatan sun watse, ko kuɗin man mota babu. Da na koma gida mutane suka ce in daina wahalar da kaina, wai gwamnati ta soke dokar tun 2023, yanzu babu laifi a kan kowa. Barci ya ƙaurace mini. Shin da gaske babu sauran doka, kuma babu inda zan kai kuka?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka bi sawun yaran nan, ba ka ja layi a kan sunayensu ka ci gaba da darasi ba. Abin da aka gaya maka a ofis game da ƙarewar kuɗi yana iya zama gaskiya, domin haka lamarin yake a wurare da yawa yanzu. Abin da aka gaya maka a ƙauye game da doka kuwa ba gaskiya ba ne ko kaɗan, kuma shi ne ya fi tayar mini da hankali a cikin wasiƙarka.

Yawancin aikin yaƙi da safarar mutane a ƙasar nan an ɗora shi ne a kan tallafin waje. Ko cibiyar karɓar waɗanda aka ceto da aka buɗe nan Damagaram a watan Yulin 2019, wadda ita ce irinta ta farko ta gwamnati a Nijar, da taimakon OIM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kafa ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi da haɗin gwiwar tsaro, a watan Disambar wannan shekara kuma hukumomin Yamai suka kawo ƙarshen aikin EUCAP Sahel, wadda take horar da 'yan sanda da jandarmomi. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta tsayar da agajin da take bayarwa a ƙasashen duniya, daga baya ta rushe hukumar agajinta ta USAID, kuma a watan Maris na shekarar OIM ta sanar cewa kuɗin da masu bayar da tallafi suke ba ta ya ragu da kashi 30 cikin 100, abin da ya shafi ma'aikatanta sama da 6,000 a faɗin duniya. Hausawa sun ce zanin aro ba ya rufe katara, kuma wannan aikin ya daɗe yana ɗaure da shi.

Inda rashin kuɗin ya fi yin ɓarna shi ne wurin da ake sauke ayarin waɗanda aka maido daga Aljeriya. Mace za ta sauko daga mota da yara shida, duk wanda ka tambaya zai ce innarsa ce, domin haka aka koya musu tun kafin a bar Agadas. Gano gaskiya yana buƙatar a raba yaran da ita, a ba su ruwa da abinci, a samu ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zauna da kowane ɗaya shi kaɗai, ta tambaye shi sunan babansa da na mai garinsu da na ƙanensa, ta bar shi ya huta, ta sake dawowa gobe. Sau da yawa sai a kwana na biyu yaro yake buɗe baki ya ce mahaifiyarsa tana wani ƙauye dabam. Duk wannan albashi ne, da ɗaki, da tukunya, da man motar da za a je neman dangi. Idan babu su, sai a ƙidaya kawuna, a rubuta sunaye, a loda mota, matar ta koma gida da yaran nan shida a hannunta tana jiran tafiya ta gaba.

Yanzu ga maganar da nake ji kusan kullum, daga bakin direbobi, da iyaye, da masu gari, wani lokaci har daga bakin waɗanda ya kamata a ce su ne suke gyara wa jama'a fahimta, wai an soke doka. Dokokin guda biyu ne, Malam, kuma ɗaya kawai aka soke. Wadda aka soke ita ce doka mai lamba 2015-36 ta ranar 26 ga Mayu 2015, wadda ta haramta ɗaukar baƙin haure a ƙetare iyaka da su don a samu kuɗi. Ita ce ta sa aka kama direbobin Agadas aka ƙwace motocinsu, ita ce kuma Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu aka soke a watan Nuwambar 2023, har aka share hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Ɗayar kuwa ita ce doka mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga Disamba 2010, dokar yaƙi da safarar mutane, wadda ta girme waccan da sama da shekara huɗu, wadda a kanta aka kafa hukumar ƙasa ta yaƙi da safarar mutane (ANLTP) da kwamitin da yake tsara aikin (CNCLTP). Sokewar 2023 ba ta taɓa ta ba. Hukuncinta ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne idan babba aka yi safararsa, shekara 10 zuwa 30 idan yaro ne, kuma ci da barar wani yana cikin nau'o'in bautarwar da ta hana. Dokar 2003 da ta mayar da bauta babban laifi ita ma tana nan.

Bambancin yana cikin abin da aka aikata. Baligin da ya biya direba kuɗinsa don a kai shi Libiya ko Aljeriya, da an isa sai kowa ya kama gabansa, wannan shi ne abin da dokar 2015 ta shafa. Yarinya 'yar shekara 11 kuwa da aka karɓa daga gida, aka zaunar da ita a bakin titi a Tamanraset ko wani garin Aljeriya daga safe har dare, kuɗin da ta samu yana shiga aljihun wata, ba ta da ikon cewa ta gaji za ta koma makaranta, wannan ita ce safarar mutane, ko da an bi ta kan kwalta da takardu cikakku, ko da ma ba a fita daga Nijar ba. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauyen Magarya aka kai ta aikatau Yamai ana karɓe albashinta tana ƙarƙashin kariyar wannan doka ɗin.

Ba na ganin laifin talaka da ya rikita su, domin siyasa ce ta cuɗa su tun farko. Turai ta zuba kuɗi a nan ne saboda tana son a tare hanyar Bahar Rum, shi ya sa ido ya koma kan Agadas da hanyar Libiya, kuma ofis ɗaya da taro ɗaya da tallan rediyo ɗaya suka riƙa ɗaukar batutuwan biyu a haɗe. Jama'a suka ɗauki duk abin a matsayin dokar Turawa. Da aka soke ta 2015 aka yi murna a Agadas, kuma direbobin suna da dalilinsu, amma ba a fito an yi wa mutanen karkara bayani da ƙarfin da ya kamata cewa ɗayar tana nan ba. Masu karɓar yara su ne suka ci ribar wannan shiru, kuma ina da yaƙinin cewa da yawansu sun san gaskiyar sarai, suna yaɗa jita-jitar ne don uwar da take shakka ta saki jiki, malami irinka kuma ya ji kunyar zuwa ofis.

Tagwayen wannan jita-jita ita ce cewa ai iyayen ne suka yarda. A dokance yardar uwa ko uba ba ta wanke wanda ya ɗauki yaro ɗan ƙasa da shekara 18 don ya ci da guminsa, kuma ba a buƙatar a nuna an yi wa yaron dole ko an yaudare shi. Na san halin Kance, na san yawan jama'a ya fi ƙarfin gonaki, na san akwai gidan da hatsinsa ba ya kai wa tsakiyar rani, kuma ba na zagin uwar da yunwa ta matsa. Sai dai mutanen yankin nan sun fi kowa sanin farashin hanyar. A watan Oktobar 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace, 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, kuma mafi yawansu daga yankin Kance suka fito. A watan Maris na 2022 an kwaso mutanenmu sama da 1,000 daga titunan Dakar, galibi mata da yara na Kance da Magarya. Waɗanda Aljeriya take korowa kuwa, akwai waɗanda ake saukewa a fili, su taka kilomita kusan 15 da ƙafa kafin su kai Asamaka. Duk mai cewa an halasta wannan sana'a ya tuna da waɗannan kafin ya sake faɗa.

Akwai wata siyasar da ta fi kusa da mu, kuma ita ba Turai ce ta kawo ta ba. Ana kama mace da yaran da ba nata ba, kafin a gama rubuta bayaninta an fara bugo waya daga masu faɗa a ji cewa a bari a sasanta a gida, ai 'yar gari ce. Jami'in da aka horar ya iya binciken irin wannan laifi sai a sauya masa wurin aiki, wanda ya gaje shi bai taɓa karanta dokar 2010 ba, kuma yanzu babu kuɗin sake horo. Kasafin ƙasa ya karkata ga yaƙi a Tilaberi da Difa, abin da kowa ya fahimta, amma hakan bai hana a ware wa abincin yaran da aka ceto da man motar bincike wani abu ba, domin ba manyan kuɗi ba ne. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, ita ma ta rufe ƙofar kotun ƙungiyar, wadda Hadijatou Mani ta je a 2008 ta samu hukuncin cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, aka ba ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan ya ƙara wa kotunanmu na gida nauyi, don haka dole mu riƙa kai musu ƙara.

Rufewar furoje ba ta rufe jandarmeri ba, ba ta kuma rufe kotu ba. Ka rubuta ƙorafi da hannunka zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun da take kula da yankinku, ko ka kai shi birged ɗin jandarma mafi kusa, kuma kai irin wannan rahoto ba a biyan ko dala. Ka sa cikakken sunan kowane yaro da na iyayensa, da ranar da ya daina zuwa aji, da sunan da aka san matar da shi, da lambar wayar da take kira da ita idan wani ya sani. Littafin kiran sunan ajinka shaida ce mai ƙarfi, domin yana nuna ranar da aka ɗauke su, kuma takardun haihuwar da aka ajiye lokacin shigar da su makaranta su ne za su tabbatar da shekarunsu a gaban alƙali. Idan an fara aiko da kuɗi, takardun karɓar kuɗin suna ɗauke da sunan mai aikowa da garin da aka aiko. Ka riƙe kwafin komai, ka nemi a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Ka kuma sanar da sufeton makarantunku da ofishin kare yara na yankin a rubuce, don kada maganar ta zama taka kai kaɗai.

Za ka ji tsoron kada a kama iyayen, kuma za a yi amfani da wannan tsoron a rufe maka baki. Za a yi musu tambayoyi, ba zan ɓoye maka ba, kuma alƙali ne yake auna matsayin kowa. Amma uwar da ta zo da ƙafarta ta ce ga wadda ta karɓi 'yata, ina son a maido mini da ita, matsayinta ya sha bamban da na wadda aka gano bayan wani abu ya samu yarinyar. Ka zauna da su a hankali, ka tafi da liman ko mai gari idan kana da wanda ka amince da shi, ka gaya musu wannan.

Ga limamai da masu gari da iyaye maza na Kance da Matamaye da Magarya kuma, babu wani mai bayar da tallafi da ya janye muku mumbari ko ƙofar fada. Yaran nan amana ce, kuma uban da ya san an fita da 'yarsa ya yi shiru saboda ana aiko masa da jika biyar ko goma, za a tambaye shi. Ku faɗa a huɗubar Juma'a da wurin suna da ɗaurin aure cewa dokar 2015 aka soke, ta 2010 tana nan, kuma mai karɓar yaro don bara yana fuskantar ɗaurin da zai iya kai shekara 30. Kai kuma Malam, kada ka jira dawowar wani furoje, ka kai takardar a cikin makon nan, domin neman yara yana da sauƙi tun suna Agadas ko Arlit fiye da bayan sun haye iyaka an rarraba su garuruwa.