Tambaya da Amsa: Kamun fikarel daga kwalekwale a tsakiyar hunturu

Wasiƙun wannan fitowar daga jihar Maryland ta Amurka suka zo, daga masu karatunmu da ke zaune kusa da ƙoramun da ke malala cikin mashigin tekun Chesapeake.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune kusa da Annapolis, babban birnin Maryland, kuma na sayi ƙaramin kwalekwalen nan na mutum ɗaya da ake kira kayak. An ce mini daga Disamba zuwa Fabrairu babu kifin da ke saura a bakin gaɓa sai fikarel. Wane irin kifi ne, kuma a ina zan neme shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fikarel dogon kifi ne siriri, kore, da zane a jikinsa kamar sarƙa da baƙin layi a ƙarƙashin ido. Bakinsa cike yake da haƙora masu kaifi, wanda ya san tsage ya san irin abin da muke nufi. Yawancin waɗanda ake kamawa tsawonsu santimita 35 zuwa 60 ne. Asalinsa kifin ruwan daɗi ne, amma yana jure ruwan da gishirinsa bai yi yawa ba, shi ya sa ake samunsa a ƙoramun kogin Severn da na Magothy. Idan sanyi ya kankama sauran kifaye sukan gangara zurfi, shi kuwa yana nan a ruwan mita 1 zuwa 2 yana farauta.

Kwanton ɓauna yake yi, ba ya yawon banza. Ka neme shi a gindin itacen da ya faɗa ruwa, da turakun gadojin katako na bakin gidaje, da gefen ciyawar ruwa da ta rage. Ka nufi can ƙuryar ƙorama, inda ruwan ya fi ƙarancin gishiri. Lungun da ƙasansa baƙin taɓo ne kuma rana ta daɗe tana dukansa yakan ɗan ɗara sauran wurare ɗumi da la'asar, ƙananan kifaye su taru a nan, shi kuma ya biyo su. Ka tsaya kamar mita 10 zuwa 15 daga gaɓa, kada filafili ya bugi jikin kwalekwalen, domin ruwan hunturu garau yake kuma ƙara tana tafiya a cikinsa.

Tambaya: Ina ganin kifin da idona yana bin kifin robar da na jefa har gindin kwalekwale, sai ya juya. Wanda ya cafka kuma sai zare ya tsinke. Ina matsalar take?

Amsa: Matsala biyu ce, Malam, kuma ta farko ita ce gaggawar da kake yi. A ruwa mai sanyi kifin ba ya son dogon gudu. Ka naɗe zare sau biyu ko uku, ka ɗan fizgi kan sandar, sannan ka dakata daƙiƙa 3 zuwa 5. Idan sanyi ya tsananta, har 10 ba ta yi yawa ba. Galibi a wannan tsayuwar yake kai hari, lokacin da abin ya yi kama da ɗan kifi mai rauni. Idan ya biyo har kusa, kada ka ɗago. Ka dakata, ka bari abin ya ɗan nutse, sannan ka motsa shi sau ɗaya. Inuwarka da ɗaga hannu da sauri su ne ke korarsa.

Kifin roba mai faffaɗar wutsiya na santimita 8 zuwa 10, fari, a kan ƙugiya mai kan dalma na giram 3.5 ya wadatar a yawancin ranaku. Dalma mai nauyi tana nutsewa da wuri ta kwaso ruɓaɓɓen ganye. Ɗan ƙarfen nan mai juyawa yana walƙiya, irin na kamfanin Mepps lamba 3, shi ma yana aiki, sai dai ba ya yarda da dakatawa, da ka tsaya ya faɗi ƙasa. Ranar da komai ya ƙi, ɗan kifin fadama mai rai, a soke shi ta leɓe a rataye shi kamar santimita 60 ƙarƙashin ɗan toto mai yawo a saman ruwa, shi ne ke fitar da kai kunya.

Tsinkewar zare kuwa aikin haƙori ne. Babban zarenka mai kitso, mai jure kilo 5 zuwa 7, ba laifi, amma haƙori yana yanka shi nan take. Ka ƙulla masa guntun zaren filorokabon, wato wani zaren roba garau, na santimita 45 zuwa 60 mai jure kilo 9 zuwa 14 a gaba. Wasu sukan sa waya, mu dai ba mu so, tana kashe motsin kifin robar kuma ana ganinta a ruwa garau. Bayan kowane kifi ka shafa guntun da yatsa, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ƙulli. Sanda mai laushi ta mita 1.8 zuwa 2.1 ta isa. Ka danne ƙayar ƙugiya da filaya tun daga gida, ka riƙe ragar hannu ta roba da filaya mai dogon baki. Yatsa ba ya shiga bakin fikarel, ba ya shiga wurin numfashinsa da ke gefen kai.

Tambaya: Maigidana yana fita da jibgegiyar rigar sanyi da wandon jins. Ya ce ya iya iyo kuma gaɓa kusa take. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Hajiya, kina da gaskiya, kuma muna roƙon ki karanta masa wannan. A Janairu ruwan waɗannan ƙoramu yakan sauka ƙasa da digiri 5 a ma'aunin salshiyas. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, abu na farko da ke samunsa shi ne shaƙar iska da ƙarfi ba da sonsa ba. In kansa yana cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Masana sun taƙaita abin da 1-10-1: minti 1 na daidaita numfashi, kamar minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina biyayya, sannan kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Wannan awar ta mai rigar ceto ce kawai. Gwanin iyon da ba shi da ita, a mintuna goman nan ƙarfinsa ke ƙarewa.

Don haka ruwa ake yi wa shiri, ko da ranar ta yi daɗi. Rigar ceto a jiki, a ɗaure. Rigar nan da ke rufe jiki ruf daga wuya zuwa ƙafa wadda ruwa ba ya shiga, da tufafin ulu ko na roba a ƙarƙashinta. Auduga, har da jins, tana shan ruwa ta zuƙe ɗumin jiki. Ya rataya usur a rigar ceton, waya a jakar da ba ta shan ruwa, busassun kaya da shayi mai zafi a mota. Kada ya fita shi kaɗai, ya kuma gaya miki inda zai shiga da lokacin fitowa. In ƙanƙara ta rufe bakin ƙorama, ko iska ta tashi, ya haƙura da ranar.

Tambaya: Jadawalin cikowar teku ya nuna akwai ruwa, na je na tarar da taɓo. Jadawalin ne ba daidai ba?

Amsa: Jadawalin yana lissafa yadda wata da rana da ke sama ke sa ruwan teku cikowa da janyewa ne, bai san iska ba. A Annapolis tazarar cikowa da janyewa kamar santimita 30 ce kacal, don haka iska takan fi ta tasiri. Iskar arewa maso yamma ta hunturu in ta kwana tana kaɗawa sai ta tura ruwa waje daga mashigin, ƙoramu su ƙafe fiye da lissafi, itatuwan da kifin ke fakewa su fito fili. A irin wannan rana kifin yana komawa bakin kwarin tsakiyar ƙorama. Lokacin da muka fi so shi ne ƙarshen cikowa da farkon janyewa, sa'ad da ruwa ke tafiya yana fito da ƙananan kifaye daga maɓoya. Kada ka taka taɓon nan don jan kwalekwale, yana riƙe ƙafa har gwiwa.

Tambaya: Ana cinsa?

Amsa: Ana ci, namansa fari ne mai daɗi, sai dai ƙananan ƙayoyi masu baki biyu sun yi masa yawa. A tsattsaga naman kusa da kusa, tazarar rabin santimita, a soya a mai mai zafi sosai, ƙayoyin za su yi laushi. Masunta da yawa sakinsa suke yi, musamman manyan da ke ɗauke da ƙwai a ƙarshen hunturu. Wanda ya kai shekara 16 yana buƙatar lasisi. A ruwan da teku ke shiga, dokar Maryland ta hana riƙe wanda bai kai inci 14 ba, wato kamar santimita 36, ta kuma hana ɗaukarsa daga 15 ga Maris zuwa 30 ga Afrilu saboda hayayyafa. A duba littafin dokokin kowace shekara kafin a fita.