Amsa ga ƙanena mai tambaya kan yuza stori

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena da ya ce shugaban ekip ɗinsu ya sa su rubuta yuza stori, wato gajeren bayanin abin da mai amfani da manhaja ke so ta yi mashi, yana ta rubutawa amma kullum sati biyun sifirin, wato wa'adin da ekip ke ɗiba don gama wani yanki na aiki, su ƙare aiki bai ƙare ba, bari in ba ka abin da ya same ni.

Tsarin kam ka san shi, "a matsayina na wane, ina son kaza, domin kaza", tun 2001 aka fito da shi a wani kamfani na Landan, Connextra. To amma jimlar nan ba ita ce aikin ba. A shekarar dai Ron Jeffries, wani masanin gina manhaja, ya ce abin ƙafa ukku gare shi, katin da ake rubuta jimlar a kai, hira da mai buƙatar, da tabbatar da aikin ya yi daidai, mu kuma sai mu riƙe katin mu yar da sauran biyun.

Mun taɓa yi ma wani Alhaji a babbar kasuwar Maradi manhajar rubuta bashi, dillalin shinkafa da mai ne. Na zauna a buro na rubuta "a matsayina na yaron shago ina so in rubuta bashin kastoma domin kar a manta", na ji daɗin kaina, muka gina, muka kai. Kwana ukku Alhaji ya kira ni ransa a ɓace wai lissafi ya ƙi. Na hau kabu-kabu na je na zauna kan buhu ina kallon yaron, wani ya ɗauki kaya ya ce a rubuta mashi ɗari, yaro ya danna 100. Nan gabana ya faɗi. Ɗari a bakin ɗan kasuwa ai dala ɗari ce, 500 ke nan na sefa, ni da aka haifa a garin nan da dala nake sayen ƙosai amma da na zauna gaban ordinata sai na manta. Ga kuma masu zuwa daga Jibiya da naira, su ma babu su a katina. Hirar minti goma da yaron nan da ta raba mu da wannan kunya.

Tun ranar ba na yarda kati ya shiga sifirin sai an rubuta sharuɗɗan karɓa a bayansa, wato abin da za a gwada kafin a ce aikin ya ƙare, kuma da misalin kuɗi na gaske: in yaro ya zaɓi dala ya sa 100, allo ya nuna 500 F, in rezo ya ɗauke bashin ya zauna cikin waya har ya dawo.

Batun aikinku da ba ya ƙarewa kuwa, ina zargin katunanku sun cika girma. In kun zo kimanta girman aikin kowane kati da lambobin nan 1, 2, 3, 5, 8, 13 kuka ga kati ya kai 13, ku tsaga shi. Kar dai ku tsaga a ce wannan na datbes, wato ma'ajiyar bayanai, wancan na allo, don rabin ba ya amfanar kowa. Rubuta bashi da sefa kaɗai, kati guda. Ƙara naira, wani katin. Biyan rabi, wani. Kowane kati Alhaji zai iya taɓawa ya ce e ko a'a.

Jira ko Trello, manhajojin jera katunan aiki, duk wanda kuka samu, mu har yanzu da takarda muke farawa a bango. Turo mani kati guda cikin waɗanda suka maƙale maku mu tsaga shi tare.