Amsar Mama kan fitowar yaran makarantar rawa a Kirsimeti

(Saƙon murya ne da uwarmu ta turo zauren malaman yara, aka rubuta shi domin waɗanda ba su samu saurare ba.)

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, musamman ke ƙanwata Malama da kika turo tambaya jiya da dare. Na saurari muryarki sau biyu. Kin ce kina da yara 34 a makarantar rawa ta majami'arku a cikin garin Katsina, kina so su yi fitowarsu ta farko ranar 26 ga Disamba, saura makonni bakwai, kuma dattawa biyu suna ɗari-ɗari da maganar. Kin kuma tambaya ko ki cire yara biyar da taku ya ƙi zama musu.

Zan fara da dattawan, domin idan zuciyarsu ba ta kwanta ba, duk abin da kika shirya zai tsaya a bakin ƙofa. Kada ki ɗauke su masu hana ruwa gudu. Da yawa daga cikin iyayenmu na Malumfashi da Ƙafur sun fito ne daga Maguzanci, kuma a idonsu rawa tana tafiya da garaya da buta da hawan bori da giyar biki. Mahaifina, Allah ya ba shi hutawa, ranar da ya karɓi bangaskiya ya daina zuwa duk inda ake kiɗa, ya kuma yi shekaru kafin ya iya zama a majami'a ana buga ganga ba tare da jikinsa ya yi sanyi ba. Tsoron da kike gani a wurin dattawanki irin wannan ne, yana da tushe. Ki nemi Mama Fasto ta raka ki gidajensu, ki durƙusa ki gaishe su yadda ya kamata, sannan ki buɗe Littafi Mai Tsarki. A Fitowa 15:20 Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki bandiri, mata suka bi ta da rawa bayan an haye teku. A 2 Sama'ila 6:14 Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban Ubangiji lokacin da ake kawo akwatin alkawari. Zabura 149 da 150 duka sun ambaci yabo da rawa. Amma ke da kanki ki fara kawo musu Markus sura 6, inda rawar 'yar Hirudiya ta zama sanadin fille kan Yahaya Maibaftisma, domin su gane cewa kin san rawa tana iya ɓata, kuma kin shirya tsare yaran daga wannan. Daga nan ki roƙe su su zo su ga gwaji tun a mako na biyu, su faɗi abin da bai yi musu ba tun da sauran lokacin gyara.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ki fara da labari kafin taku. Kuskuren da nake gani wurin malamanmu matasa shi ne su ga wata rawa a waya, ta burge su, su kwafo takun, daga baya su nemi waƙar coci su ɗora a kai. Yara za su iya haddacewa, amma ba za su san abin da jikinsu yake faɗa ba, kuma tsohuwar da ke zaune a benci na uku ba za ta ga kome ba sai tsalle-tsalle. Ki ɗauki Luka sura 2, ki karanta musu, ki tambaye su yadda makiyayi yake zabura idan haske ya faɗo masa da tsakar dare, da yadda yake tafiya idan zumuɗi ya kama shi zuwa Baitalami. Yaranmu sun san makiyaya, suna ganin su da sanda a kafaɗa a bayan gari. Ki ba samarin sanduna gajeru su yi takai, suna kewayawa suna haɗa sanda da sanda a kan kiɗa, ki ba 'yan matan tafin gaɗa su zama taron mala'iku. Wannan taku yana cikin jikinsu tun daga dandali, aikinki kawai ki tsara shi, ki tsabtace shi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, kuma a 2023 'yan'uwanmu Katolika suka samu Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a matsayin bishop na farko a Katsina. Bangaskiyar nan ta zama 'yar gida, ban ga dalilin da za mu riƙa aro mata taku daga waje ba.

Game da kiɗa, ina roƙonki ki nemi matan Zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau, da mai ganga ɗaya mai haƙuri. Na taɓa shirya fitowa da waƙar da aka ɗauka a waya aka jona da amsa-kuwwa. Ana tsakiyar rawa aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, yara 20 suka sandare a gaban jama'a, ƙaramarsu ta fashe da kuka, kuma sai da na yi wata biyu ina lallashinta kafin ta dawo aji. Laifina ne, domin ban yi tanadi ba. Mai ganga yana kallon ƙafar yara, idan sun yi baya ya jira su, idan sun ruɗe ya maimaita musu, abin da na'ura ba za ta taɓa yi ba. Sai dai ki sa makaɗan su halarci gwaji aƙalla sau huɗu, kada ranar ta zama haɗuwarsu ta farko da yaran.

Ki tuna cewa ƙarshen Disamba tsakiyar hunturu ne. Idan a filin majami'a za a yi, a yayyafa ruwa sa'a ɗaya kafin a fara, in ba haka ba takai zai tayar da ƙurar da za ta sa yara tari, ta kuma rufe idon masu kallo. Idan a ciki ne, ki duba daɓen da ƙafarki. Tayil yana da santsi, tabarma da kafet suna zamewa, siminti kuma yana da sanyi da kaushi ga ƙafar da ta yi faso, don haka ki gaya wa iyaye su riƙa shafa wa yara man kaɗanya da dare tun yanzu. Gwaji biyu na ƙarshe dole a yi su a wurin da za a yi fitowar, da kayan da za a sa, kuma ki yi wa kowane yaro alamar wurin tsayuwarsa da alli.

Maganar kaya ba ta da tsawo. Atamfa ɗaya mai sauƙin kuɗi ta wadatar, zane ya wuce gwiwa da wando a ciki, ɗankwali a ɗaure shi tam. Ki kai wa tela a wannan makon, kin san yadda ɗinki yake cunkushe musu idan Kirsimeti ya matso. Idan akwai gidan da kuɗin anko ya yi wa nauyi, ki sanar da Zumunta a asirce.

Rawar gaba ɗaya kada ta wuce minti 15, kuma 'yan ƙasa da shekara takwas minti uku ya ishe su. Ku fara da ƙarfe huɗu da rabi, bayan maƙwabtanmu Musulmi sun idar da sallar La'asar, ku tashi kafin kiran Magariba, wanda a wannan lokaci yake kamawa ƙarfe shida da 'yan mintuna. Wannan girmama maƙwabtaka ne, kuma zai ba iyayen da suka zo daga nesa damar komawa gida da sauran haske, kin san halin da hanyoyinmu suke ciki. Baba Fasto ya sanar da mai unguwa tun da wuri, a kuma gayyaci maƙwabtan da ake gaisawa da su.

Yanzu ga yaran nan biyar. Ƙanwata, kada ki cire ko ɗaya. Na jima ina wannan aiki, kuma na ga yadda yaro yake riƙe ranar da aka ce masa ya koma benci ya zauna har ya girma, wani ma daga nan yake janye jiki daga majami'a. Makarantarki ba gasa take shiryawa ba, ibada take koyarwa, kuma iyayen waɗannan biyar za su zo da sabon ɗinki su zauna suna neman fuskar 'ya'yansu kamar kowa. Labarin haihuwar Yesu yana da wurin kowa. Wanda ƙafarsa ba ta bin kiɗa ya riƙe tauraro ya yi tafiyar taƙama a gaban ayari. Biyu su zama Yusufu da Maryamu, waɗanda aikinsu zama da natsuwa ne a tsakiyar fili. Sauran ki haɗa kowannensu da yaron da ya ƙware, su riƙe hannu, ki rage musu takun zuwa biyu dama biyu hagu. Kada kuma ki jera su a can baya inda ba a ganin su, ki riƙa juya sahu yadda kowane yaro zai zo gaba ko sau ɗaya ne. Ina kuma so ki nemi izinin iyaye kafin a ɗauki bidiyo a sa a Facebook ko TikTok, domin akwai waɗanda ba sa so, kuma haƙƙinsu ne.

Kafin yara su fito, ki tara su a bayan majami'a ku yi addu'a, ki ba su ruwa, ki kai ƙananan bayan gida. Ki tsaya a inda za su riƙa ganin fuskarki, kada ki tsaya a bayansu.

Idan Ubangiji ya yarda zan shigo gwajinku na ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu, zan zo da tuluna biyu da sandunan takai da suka rage mana bara. Ki turo mini shekarun yaran a nan zaure kafin ranar Alhamis, domin in san yadda za mu raba su. Ki gaida Mama Fasto da mutanen gida.