Fim ɗin kammala karatu: minti nawa ɗalibi zai iya yi shi kaɗai?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, ina karanta zane mai motsi. Saura wata shida in miƙa aikin kammalawa. Na rubuta labarin da zai kai minti bakwai, da taurari biyar a ciki, kuma ina so in yi shi da 3D a manhajar Blender, ni kaɗai, a kwamfutata ta hannu. Malamina ya ce ya yi yawa, ni kuma ina tsoron idan na rage ba zai burge masu ɗaukar aiki ba. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki ya yi gaskiya, kuma lissafi zai nuna miki haka tun kafin ki taɓa kwamfuta.

Fim hotuna ne jere, kuma a bisa al'ada hoto 24, wato firem 24, ke wucewa a kowace daƙiƙa. Minti bakwai daƙiƙa 420 ne, wato firem 10,080. Ko wanne sai kwamfutarki ta renda shi, ta lissafa haske da inuwa da launi ta fitar da hoto. Mu ce kowane firem yana cin minti uku a Cycles, injin renda na Blender, abin da ba baƙo ba ne a kwamfutar hannu. Jimla sa'a 504 ke nan, kwana 21 kwamfuta na aiki dare da rana. Wannan kuma idan an yi sau ɗaya an dace, alhali da wuya a ga fim ɗin da aka renda sau ɗaya aka gama. Sai kin kalla za ki ga hannu ya nutse cikin riga, ko inuwa na ƙyafta-ƙyafta, dole ki maimaita.

Amma renda ba ita ce babbar matsalar ba, tunda kina barci ma tana tafiya. Abin da ke cin lokacinki shi ne motsa taurarin. A nan kada ki yi hasashe, ki gwada. A makon nan ki ɗauki wani tauraro da aka riga aka ɗaura wa ƙasusuwan motsi, wato gaɓoɓin da ake juyawa don motsa shi, irin waɗanda ake bayarwa kyauta don koyo, ki yi fitowa ɗaya, wato yanki guda na fim ba tare da yankewa ba, ta daƙiƙa biyar: ya shigo, ya ja kujera, ya zauna, ya ɗago kai. Ki yi ta har ta kai yadda za ki iya nuna wa mutane ba tare da jin kunya ba, sannan ki ƙirga kwanakin da ta ci. Idan kwana uku ne, kuma kina da mako goma na motsi, kwana biyar a mako, to abin da za ki iya bai wuce daƙiƙa 80 da 'yan kai ba. Ki lura kuma tauraro ɗaya ne a gwajin. Biyu a fitowa guda sun kusa ninka aikin, idan kuma suna taɓa juna, kamar gaisawa ko miƙa kofi, abin ya ma fi haka, don sai hannayen sun haɗu daidai a kowane firem.

Don haka shawararmu ita ce minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, taurari biyu, wuri ɗaya. Ki koma kan labarinki ki nemo inda zuciyarsa take, lokacin da wani abu ya sauya tsakanin mutum biyu. Wannan shi ne fim ɗinki. Sauran ki adana, ba ɓata suka yi ba.

Ga yadda za mu raba mako 24 da ke gabanki: huɗu na labari da zanen fitowa-fitowa, biyar na ƙera taurari da wuri da ɗaura ƙasusuwa, goma na motsi, uku na haske da renda da sauti, biyu kuma a bar su ba komai. Waɗannan biyun na ƙarshe kada ki yi musu kwaɗayi. Akwai ranar da fayil zai ƙi buɗewa, ko jiki ya ƙi daɗi, su ne za su cece ki.

Makonni huɗun farko su ne ɗalibai suka fi tsallakewa, kuma su ne suka fi tsada idan an tsallake. Tun ran gini tun ran zane. Ki zana kowace fitowa a ƙananan akwatuna, ko da zanen 'yan sanduna ne, ki jera su a manhajar tace bidiyo kamar DaVinci Resolve, wadda ke da sigar kyauta, ki ɗora muryoyi da sautin wucin gadi da kika ɗauka da wayarki. Wannan shi ake kira animatik. Ki nuna wa mutum uku da ba su san labarin ba, ki yi shiru, ki bar su su faɗa miki abin da ya faru. Idan ba su gane ba, gyaran a nan na yini ɗaya ne. Bayan kin motsa fitowar, na mako biyu ne. Da zarar animatik ya zauna, ki kulle tsawon kowace fitowa da lambar firem, ki rubuta a jadawali, kada ki ƙara ko daƙiƙa ɗaya sai kin cire wata.

Wajen ƙera taurari, ki guje wa abubuwa uku sai dai idan su ne kike son a ɗauke ki aiki a kai: dogon gashi mai kaɗawa, tufafi masu yalwa, da ruwa ko hayaƙi. Dukansu kwamfuta ce ke kwaikwayon motsinsu, kuma ƙaramin gyara a motsin jiki yana tilasta a sake lissafa su daga farko. Siffa mai sauƙi da aka motsa da kyau ta fi kama ido. Idan ma burinki motsi ne tsantsa, babu laifi ki yi amfani da tauraron da wani ya ƙera, matuƙar lasisinsa ya yarda kuma kin ambaci mai shi a ƙarshen fim. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

A motsin kansa, ki fara da manyan tsayuwa kaɗai, wato muhimman yanayin jikin tauraro a kowane motsi, ba tare da cike tsakani ba, ki bi fim ɗin duka daga farko zuwa ƙarshe a haka kafin ki goge, wato ki ƙawata, ko fitowa ɗaya. Masu fara gogewa daga fitowar farko sukan ƙare da daƙiƙa goma masu kyau da sauran da aka yi a gurguje. Ki ɗauki kanki a bidiyo kina yin abin da tauraron zai yi, ki kalla firem-firem. Za ki ga kafin mutum ya tashi daga kujera sai ya sunkuyar da ƙirjinsa gaba ya ɗora nauyi a kan ƙafafu, abin da ba a iya tunawa daga kai. Tafiya ta yau da kullum takan ci kamar firem 12 a kowane taku. Idan akwai magana, ki sa siffar baki ta riga sautin da firem ɗaya ko biyu, in ba haka ba sai a ga kamar bakin ya makara.

Da kika zo renda, ki fara gwada Eevee, wani injin renda da ya zo da Blender 2.80 a 2019. Idan firem ya ci daƙiƙa goma, fim mai daƙiƙa 90, wato firem 2,160, zai gama cikin sa'a shida. Kuma kada ki taɓa renda kai tsaye zuwa bidiyo. Ki fitar da jerin hotuna, PNG ko OpenEXR. Idan kwamfuta ta mutu a firem na 1,400, sai ki ci gaba daga na 1,401, amma bidiyon da ya yanke a tsakiya yawanci ya lalace ke nan. Girman hoto mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye ya isa. 4K na ninka ɗigon hoton sau huɗu, kuma babu mai ba ki maki a kansa. Sauti ya kasance a 48 kHz, sannan ki tabbata saurin firem ɗaya ne a Blender da manhajar tacewa. Idan ɗaya na kan 24 ɗaya na kan 25, murya za ta riƙa zamewa daga baki a hankali, har ta kai kusan daƙiƙa biyu da rabi a minti guda.

Ajiya kuwa kwafi uku: a kwamfuta, a faifan waje, da a intanet. Ki riƙa ba fayil sabuwar lamba kowace rana maimakon danne na jiya. Kafin ki kai aikin wata kwamfuta, ki tattara hotunan fatar abubuwa, wato waɗanda aka lulluɓe taurari da kayayyaki da su, cikin fayil ɗin Blender ɗin. Idan kika buɗe kika ga komai ya koma ruwan hoda mai haske, alamar sun ɓace ke nan a hanya.

Yanzu tsoronki game da masu ɗaukar aiki. Ba tsawon fim suke dubawa ba. Abin da ake tura musu gajeren bidiyo ne na baje koli, minti ɗaya ko ƙasa da biyu, wanda ya fara da fitowarki mafi kyau, don mai kallo na da ɗimbin irinsa a gabansa kuma ba lallai ya kai ƙarshe ba. Fitowa mai rauni guda ɗaya tana jawo shakku kan sauran, saboda haka ki cire duk wadda kike tantama a kanta. A ƙasan kowace fitowa ki rubuta abin da hannunki ya yi da manhajar da kika yi amfani da ita: misali, ni na yi motsin, wani ne ya ƙera tauraron. Wannan gaskiyar tana da muhimmanci ƙwarai, musamman a aikin rukuni, domin a ganawa za a tambaye ki yadda kika yi, kuma nan take ake gane wanda ya ari aikin wani.

Kiɗa ma ki kula. Waƙar da kike so tana da mai ita, kuma YouTube na iya gano ta ya toshe bidiyon. Ki nemi mai lasisin Creative Commons, wanda ke ba jama'a izinin amfani bisa sharaɗi, ki karanta sharaɗinsa: BY na nufin dole ki ambaci mai shi, NC na nufin ba a yarda a nemi kuɗi da shi ba. Haka ma salon haruffan da za ki rubuta sunan fim da shi, ki duba lasisinsa. Idan akwai Hausa a ciki, ki gwada ƙ da ɗ da ɓ tun da wuri, don da yawa ba su da su, sai ki ga akwati a gurbinsu.

Idan kina da niyyar tura fim ɗin bikin fina-finai, irin na Annecy a Faransa wanda ke da rukuni na musamman don fina-finan kammala karatu, ki ɗora shi a shafin bidiyo na Vimeo da kalmar sirri tukuna, kada ki sake shi ga kowa, domin wasu bukukuwan ba sa karɓar wanda ya riga ya bazu a intanet. Ki kuma tambayi makarantarku a rubuce wa ke da haƙƙin mallakar aikin ɗalibai kafin ki cike fom ɗin kowane biki.